A koya wa yaran Makarfi haɗa wutsiyar jirgi

Yaran da ke ƙera jirgi mai saukar ungulu da kwali da tsohon silifas a Ikara, Makarfi ko Kudan sun saba da yabo. A zagaye su ranar kasuwa, a ɗauki hoto a watsa a Facebook, a ce Allah ya ƙara basira, kowa ya kama gabansa. Da wuya a sami mai tambayar abin da ke juya 'yar farfelar wutsiya, alhali nan ilimin yake.

Idan inji ya juya babbar farfela dama, gangar jirgin sai ta nemi juyawa hagu. Farfelar wutsiya ce ke hana shi hajijiya a sama. Da wannan dabara Igor Sikorsky ya tashi jirginsa VS-300 a Amurka a 1939, kuma ƙaramin jirgin da ake sarrafawa da rimot yana bin ƙa'idar sau da ƙafa.

A irin wannan ƙaramin jirgi, ƙarfi na isa wutsiya ta siririn bel mai haƙora da ke ratsa cikin bututun wutsiya, ko ta sandar ƙarfe mai giya a bakinta biyu. Bel ɗin ne mai rigima. Dole a murɗa shi kwata guda kafin ya hau fule, kuma idan aka murɗa ta ɓangaren da ba shi ba, farfela za ta juya a baibai. A ɗaure shi tamau, ya cinye boris ya zuƙe batir. A bar shi sako-sako, ya tsallake haƙora, wutsiya ta ƙwace. Ga shi farfelar wutsiya na gudu wajen ninki huɗu zuwa biyar na babbar, don haka ƙaramin kuskure ba ya ɓoyuwa.

Wannan ba baƙon aiki ba ne a yankin. Mai injin markaɗe a Hunkuyi da bakaniken injin matsar rake a Makarfi, da yatsa suke gane bel ya saki. Hannun akwai, lissafin ne babu mai koyarwa.

A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga kimanin ƙafa 7. Jaridun duniya suka yi ta yayatawa, amma labarin bai zama darasin aji ba.

Za a ce tsaro, kuma da gaskiya: tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tashin jirage marasa matuƙi sai da izini. To ai makaranta ta fi yaro ɗaya sauƙin samun izini, kuma haɗa wutsiya a kan tebur ake yi.

Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama tana Zariya tun 1964, Hunkuyi kuwa a bakin Zariya take. Shugabannin ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan su sayi jirgin rimot ko da guda ɗaya ga kowace makarantar kimiyya, su roƙi kwalejin ta riƙa turo malami sau ɗaya a zango, su kuma zaunar da bakaniken gari kusa da shi.