Tsohuwar motar Baba da maganar canji

Yau ina so in kawo muku wata muhawara da muka shafe watanni muna yi a gidanmu a nan Sabo, Badun, tsakanina da mahaifina, domin na san ba gidanmu kaɗai ake irinta ba. Magana ce a kan motar da muke shiga daji sayen goro da ita: shin lokaci ya yi da za a canza ta, in kuwa ya yi, da wace iri za a canza?

Ga wanda bai san mu ba, Baba ɗan kasuwar goro ne, kamar yadda ya gada daga nasa mahaifin. Muna shiga ƙauyukan Osun da Ondo, wajejen Garage Olode da Ifetedo da Ile-Oluji, mu saya a hannun manoma da matan da ke ɓare goro, mu kawo Badun a tsince, a ɗaure huhu, a loda wa manyan motoci zuwa kasuwar Mariri a Kano. Duk wanda ya taɓa bin waɗannan hanyoyi ya san kwalta a bakin gari take ƙarewa. Daga nan sai jar laka da ramuka da ƙananan rafuka. Kuma kakar goro tana kamawa ne wajen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ruwan ƙarshen damina bai ɗauke ba. Ƙaramar mota ba ta da aiki a wurin, sai a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu.

Tamu Toyota Hilux ce ƙirar 1994, mai shan gas. Baba ya sayo ta daga Kwatano a 2003, lokacin ina ɗan shekara uku, don haka kusan tare muka tashi. A bayanta na koyi ƙidayar kwanduna, a cikinta na koyi tuƙi. Wallahi ba na raina ta. Kuɗin makarantata har na gama sakandare daga bayanta ya fito, haka auren yayyena mata biyu.

Bari in fara da hujjojin Baba, don kada a ce na yi masa rashin adalci. Yana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Injinta mai lita 2.8 ba shi da kwamfuta ko ɗaya, famfon mai ne da nozul, duk bakaniken ƙauye da ke da sifana biyar zai iya buɗe shi ya mayar. Gaba da baya duk sifirin ne na ƙarfe a kan gatari guda, ko dutse ta daka sai dai ta girgiza ka ta wuce. In an shiga taɓo sai ka sauka ka murɗa makullin tayoyin gaba da hannu, ka sa giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzilari, ta fita. Ba ta zaɓen mai, ko gas ɗin jarka aka zuba mata a bakin hanya za ta sha. Ba a bin mu bashin kwabo a kanta. Sannan babbar hujjarsa, wadda yake maimaitawa kullum: baƙo ba ya ado a garin mutane. Manomi in ya gan ka da mota mai sheƙi sai ya ƙara wa goronsa kuɗi, jami'in da ke shinge ma sai ya ƙara nasa, ɓarawo kuma ya fara ƙirga ranakun da kake wucewa.

Duk waɗannan gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. To amma ni ra'ayina shi ne lokacin canji ya yi, kuma abin da ya kai ni ga wannan ra'ayi wani dare ne a watan Oktoban 2024.

Mun taso daga wani ƙauye da lodi cike, ni da yaron motarmu, bayan la'asar. Muna tsakiyar gonakin koko sai zafi ya hau, hayaƙi ya turnuƙe daga gaba. Famfon ruwa ne da aka sa mana sati uku kafin nan, ashe na jabu ne. Babu sabis a waya, babu gida kusa. Magariba ta yi, duhu ya rufe. Can sai ga fitilu, matasa ne 'yan sintiri da adduna da bindigogin toka, sun zagaye mu. Tambayar farko da suka yi ita ce me Hausawa biyu ke yi a dajinsu da dare. Abu biyu Allah Ya yi amfani da su Ya kuɓutar da mu: ina jin Yarbanci kamar su tunda a Sabo aka haife ni, sannan da suka kai mu gaban Baale sai wata dattijuwa da ta daɗe tana sayar wa Baba goro ta gane motar, ta ce ta san mai ita. A gidan Baale muka kwana, har abinci aka ba mu.

Ban riƙe waɗannan matasa a zuciya ba. Masu garkuwa da mutane sun addabi yankin, shi ya sa ma gwamnonin jihohin Yarbawa suka kafa Amotekun a 2020, kowa a tsorace yake. Amma ku tuna abin da ya faru a Shasha a nan Badun a Fabrairun 2021, inda ƙaramar rigima ta cinye rayuka da shaguna. Ku tuna matafiya 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025. Zamanin da Baba ya saba da shi, in mota ta lalace a daji sai ka shimfiɗa buzu ka yi sallah ka kwanta har gari ya waye. Wannan zamanin ya wuce. A yau, ga Bahaushen da ke neman abinci a Kurmi, motar da za ta iya tsayar da shi a daji bayan magariba tana iya jawo masa abin da ya fi asarar goro. Duk lissafin da bai sa wannan a ciki ba, bai cika ba.

Bayan wannan dare sai na sayi littafi na fara rubuta duk abin da motar ta ci. Baba yana yi mini dariya wai ɗan boko ya zo. Cikin shekara guda ta shiga gareji sau 11. Ba wani babban abu ba ne kowane lokaci: yau kuloci, gobe lagireto, jibi birki. Matsalar ita ce motar da ta haura shekara 30 kayan gyaranta na asali sun yi wuya, sai na jabu ko na gwangwan da aka cire daga wata wadda ta mutu. Ba laifin waɗanda suka ƙera ta ba ne, ta yi abin da ya fi ƙarfin shekarunta. Kuma abin da Baba ba ya lissafawa shi ne ranakun zama. Goro ba ya jira. In ka yi wa manomi alkawarin Talata ba ka zo ba, Laraba wani ya ɗauke. In kuwa lodi ya yini a rana a bayan motar da ta mutu, goron ya sha zafi, kai ma ka san yadda dillalin Mariri zai kalle shi. Da na haɗa kuɗin gyara da na hayar wata motar a ranakun da tamu ke kwance, sai na ga ashe muna sayen mota ne kaɗan-kaɗan duk shekara, ba tare da mun mallake ta ba.

To a nan ne kuma na rabu da abokaina na majalisa. Su da suka ji ana maganar canji sai kowa ya ce a sayo sabon yayi, irin ƙirar da ta fara fitowa daga 2015, mai allo a gaba, mai maɓallin da za ka murɗa ta shiga ƙafa huɗu kana zaune. Na shiga irinta, kuma maganar gaskiya tana da daɗi, bayanka ba zai yi ciwo ba ko Kano ka je. Amma jama'a mu duba aljihu. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mota da kayan gyaranta duk da dala ake shigo da su. Kuɗin irin wannan mota zai haɗiye jarin Baba gaba ɗaya, mu zauna da mota mai kyau babu abin da za mu loda mata. Na ga wanda ya yi haka a unguwar nan, ba sai na kama suna ba, yau haya yake ɗauka da ita yana yi wa waɗanda a da yaransa ne dako.

Sannan akwai maganar gyara. Injin gas na zamani yana fesa mai ne da matsi mai ƙarfin gaske, kwamfuta ke sarrafa shi, nozul ɗinsa ba ya haƙuri da ruwa ko datti. Mu kuwa mun san irin man da ake samu a hanyoyin ƙauye. In fitila ta kama a gaban direba, bakaniken ƙauye ba shi da na'urar da zai karanta abin da take faɗa, sai an jawo motar zuwa Ife ko Akure ko Badun. Ka ga ke nan an gudu ba a tsira ba, an koma ga tsayuwar daji da muke gudu tun farko.

Abin da nake ganin ya dace da irinmu shi ne matakin tsakiya, wato ƙirar da aka yi tsakanin 2005 da 2015, mai shan fetur, injin lita 2.7, giyar hannu, mai sandar ogzilari a gefe. Dalilina shi ne ma'aikatun gwamnati da kamfanoni da jami'an tsaro sun yi amfani da irinta da yawa a ƙasar nan, saboda haka kayan gyaranta sun cika kasuwar Gate a nan Badun da Ladipo a Legas, kuma da wuya ka shiga gari ka rasa wanda ya san cikinta. Tana da kwamfuta, amma irin wadda makanikai suka riga suka saba da ita. Birkinta ya fi na tamu kamawa, fitilunta sun fi haske, kuma tana da saurin da za ka fito daga daji kafin rana ta faɗi.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Tana shan mai fiye da tamu, kuma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 fetur ya daina zama abin wasa, har ya haura naira 1,000 a lita a ƙarshen 2024. Ƙafafunta na gaba kowace da nata hannun, sun fi laushi a hanya amma sun fi son kulawa, sai ana canza roba da gwiwa a kai a kai. Ba za ta ɗauki wulaƙancin da tsohuwar ta ɗauka ba. Duk da haka na fi son kuɗin da na san zan kashe a gidan mai da rana a kan wanda zai faɗo mini a daji da dare.

Ga duk ɗan uwan da ke cikin irin wannan shawara, ga abin da na koya a yawon da na yi wuraren dillalai. Ka je da bakanikenka, wanda ya san hanyar da kake bi, kada ka yarda da wanda dillali ya kawo. Ku shiga ƙarƙashi ku duba shasi, domin fenti yana rufe tsatsa, musamman motar da ta yi aiki a yankin ruwan gishiri. Ka nemi wuri mai laka ko yashi ka sa ogzilari ka gani da idonka, da yawa an cire musu sandar da ke juya tayoyin gaba, sun zama ƙafa biyu a ɓoye. Ka duba takardun kwastan, lambar da ke jiki ta yi daidai da ta shasi, domin tun Janairun 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa aka samu masu shigowa ta ɓarauniyar hanya da takardun bogi, kuma kai mai bin hanya kullum kai za a tare. Abu na ƙarshe, kuma mafi girma, kada ka taɓa jari, kada kuma ka ci bashi mai ruwa saboda mota. Daidai ruwa daidai tsaki. Ka zaɓi fara ko toka, ka bar kwalliya da baƙin gilashi, a nan kam na bi Baba ɗari bisa ɗari.

Wataƙila za ku tambaya ina muka kwana. Na kai wa Baba littafin nan bayan sallar isha'i, na zauna a ƙasa na karanta masa shafi-shafi. Ya yi shiru na tsawon lokaci, sannan ya ce, "Kai dai ka ƙosa ka ga bayan tsohuwar nan." Na ce, "Baba, ba bayanta nake son gani ba, so nake duk wanda ya fita da safe ya dawo gida ya kwana." Bai ba ni amsa a ranar ba. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce ya shiga adashi da abokan kasuwancinsa, in kwasarsa ta zo a haɗa da ribar kaka a duba wadda nake faɗa. Amma ya kafa sharaɗi biyu: ba za a sayar da tsohuwar ba, za ta riƙa jigila tsakanin sito da tasha a cikin gari, kuma kafin sabuwar ta zo duk wanda ya shiga daji dole ya juyo kafin la'asar, ko lodi ya cika ko bai cika ba.

Na karɓi sharuɗɗan biyu, domin na biyun ma ya fi motar muhimmanci. Ina roƙon 'yan uwa masu shiga ƙauyuka, na goro da na manja da na shanu, kowa ya sayi littafi ya rubuta abin da motarsa ke ci, ya kuma tambayi kansa sau nawa ta tsayar da shi a inda ba a san shi ba. Amsar da ya samu ita za ta gaya masa ko lokaci ya yi.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Sai wani jiƙon, wassalamu alaikum.