Hunturu: A Tsayar da Hitar Ruwa a Kan Digiri 60

Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, daga Zongon Sokode har Dapaong babu mai son wankan asuba da ruwan sanyi. Masu tankin hita sai su murɗa shi har ƙarshe, wai don ruwa ya yi saurin zafi. Ba ya ƙara sauri, wuta kawai yake sha, kuma kamfanin CEET ba ya yafe kuɗinsa.

A ganinmu, a tsayar da shi a kan digiri 60. Tsakanin digiri 25 da 45 ne ƙwayar cutar Lijiyonela, mai kama huhu, ke hayayyafa cikin ruwan da ya kwana a tanki, don haka rage zafin da yawa ba tattali ba ne.

Sai dai ruwan digiri 60 kan saɓule fatar yaro cikin 'yan daƙiƙoƙi. Iyaye mata su fara zuba ruwan sanyi a bokiti, sannan na zafi, su gwada da gwiwar hannu.

Masu jefa ƙaramar hita cikin bokiti kuwa, su cire ta daga soket kafin su tsoma hannu, kuma kada a bar yaro shi kaɗai kusa da ita.