Dukiyar da ke Cikin Ɓuntun Shinkafa

Duk wanda ya taɓa wucewa ta wurin injin casar shinkafa, ko a Tamale ta Ghana ko a Yagwa ta Kamaru, ya san tsibin ɓuntu da ake jibgewa a bayan gida. Dabba ba ta ƙaruwa da shi, ga shi kuwa ba ya saurin ruɓewa. Dalili shi ne, shinkafa tana zuƙo wani sinadari daga ƙasa ta tara shi a ɓawonta. Masana suna kiransa silika, watau ainihin abin da ke cikin farin yashi, wanda ake yin gilashi da shi.

In an casa buhu 5 na shanshera, kimanin nauyin buhu 1 ɓuntu ne. In aka ƙone ɓuntun, wajen kashi 1 cikin 5 yake zama toka, tokar nan kuwa kusan kashi 90 cikin 100 nata silika ce.

Amma ƙunar ba ta ganin dama ba ce. Da fari akan dafa ɓuntun cikin ruwan asid marar ƙarfi, don a fitar da gishirin ƙarafa, musamman fotasiyam, wanda shi ne ke ba ruwan toka kaifinsa. In an bar shi, sai ya narke cikin wuta ya rufe gawayi a ciki, tokar ta fito baƙa. Bayan an ɗauraye an shanya, sai a ƙone a hankali, zafi tsakanin digiri 500 da 700 a ma'aunin Salsiyas. Abin da zai saura gari ne fari fat, mai laushi. In kuwa wutar ta zarce digiri 800, sai silikar ta soma ƙanƙarewa, amfaninta ya ragu, ƙurarta kuma ta zama mai lahani ga huhun wanda ya daɗe yana shaƙarta. Masu cinna wa tsibi wuta su tafi abinsu ba su da ikon hana wannan.

Tun cikin shekarun 1970 wani shehun malami a Jami'ar Kalifoniya, P. K. Mehta, ya nuna cewa tokar ɓuntu da aka ƙona bisa ƙa'ida tana ƙara wa siminti ƙarko. A 2014 kuma kamfanin Goodyear na Amurka ya ba da sanarwa zai riƙa sa silikar ɓuntu cikin tayoyin mota.

To, ina ya kamata mai ƙaramin inji ya dosa? Farar silika ita ce mai tsada, ba shakka, amma hanyarta ta babbar masana'anta ce. Asid kuɗi ne, yana ƙona fata, ruwan da aka yi wankin da shi kuwa in ya malala cikin fadama sai ya kashe kifi, ya ɓata gonar da ta ba da shinkafar. Abin da ya fi dacewa shi ne masu injuna na gari guda su haɗa kai su gina murhu mai ma'aunin zafi, su yi amfani da wutar wajen turara shanshera, tokar kuma su sayar wa masu buga bulo. Wannan ba ya bukatar asid ko ɗigo. Wankin asid sai a bar wa waɗanda ke da tankunan kashe kaifinsa da farar ƙasa kafin a zubar.