Wasan da ya haifi NigeriaSat-1

Akwai tambayar da masu ilimi kan jefa cikin raini idan aka ambaci masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke karɓar lasisi su yi magana da juna ta iska ba don neman kuɗi ba. Wai me zai sa mutum ya tsaya a fili yana nuna sama da eriya alhali WhatsApp na aljihunsa? Mai wannan tambaya bai san tarihi ba, kuma rainin nasa ya riga ya jawo wa ƙasashenmu asara.

A fara da abin da mutumin yake yi. Tauraron ɗan'adam da yake dako yana kewaye duniya cikin kimanin minti ɗari, kuma ba ya wuce minti goma sha biyar a samansa. Dole ya lissafa lokacin ɓullowarsa, ya bi shi da eriyar hannu, ya aika murya a kusa da megahaz 145 ya saurara a kusa da 436, yana gyara mita saboda gudun tauraron na sauya ta. Da rediyo mai ƙarfin wat biyar sai ya ji amsar wani daga wata ƙasa. Wanda ya iya wannan ya taɓa lissafin falaki da kimiyyar sadarwa da hannunsa, abin da ɗalibai da yawa ke haddacewa daga allo kawai.

Irin waɗannan mutane ne suka ƙera OSCAR 1 da aka harba a Disamba 1961, shekara huɗu bayan Sputnik. A 1981 Martin Sweeting, mai rediyon sha'awa a Jami'ar Surrey ta Ingila, ya jagoranci ƙera UoSAT-1, wanda aka yi wa laƙabi da OSCAR 9. Daga wannan aiki kamfanin SSTL ya tsiro a 1985, kuma shi ne ya ƙera NigeriaSat-1 da aka harba a 2003. Nijeriya ta biya kuɗi ta sayi 'ya'yan itacen da ake yi wa tsironsa dariya. Wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Masu fakewa da tsaro su ma ba su da hujja. Mai lasisi yana faɗin lambar kiransa a fili, ƙa'idar duniya ta hana shi ɓoye ma'anar saƙonsa, kuma kowa na iya sauraronsa. Ɗan bindiga ba ya neman lasisi.

Tun 2018 tauraron Es'hail-2 na Ƙatar yake ɗauke da na'urar QO-100, tsaye wuri guda a sama, yana haɗa masu rediyo daga gabashin Brazil zuwa Tailan, da Afirka baki ɗaya a tsakiya. Da faranti irin na talabijin ake kama shi. Ba zai maye gurbin intanet ɗin banki ba, amma lokacin da igiyoyin ƙarƙashin teku suka katse a Maris 2024 suka gurgunta sadarwa a Afirka ta Yamma, wannan hanya ba ta dogara da su ba.

Tsangayar injiniya a Zariya ko Kano ko Yamai da ba ta da tashar da ɗalibi zai kama tauraro da kansa tana yaye masu sayen fasaha ne. Kuɗin kafa ta bai kai na motar shugaban tsangaya ba.