Katin Injin Saƙa da Darasin Kwamfuta

Da yawa daga cikin injinan saƙa na gida, irin na kamfanin Brother da mata ke saƙa rigunan sanyin yara da su, suna karanta ado ne daga wani kati mai huji. Faɗin katin gurbi 24 ne. Inda aka huda, allura ta ɗauki zaren launi na biyu. Inda aka bari, ta ɗauki na farko. I ko a'a ke nan, harshen da kwamfuta ke ji, sai dai a nan yaro yana iya riƙe shi a hannu. Zumuncin kuwa tsoho ne: da irin waɗannan katuna masaƙar Jacquard ta 1804 take aiki a Faransa, daga gare ta kuma Charles Babbage ya ari dabarar ba injin lissafinsa umarni.

Makarantun da ke ɗokin koya wa yara tsara umarnin kwamfuta sun fi karkata ga allon gilashi, alhali injin saƙa ya fi shi iya horo a matakin farko. A kan allo kuskure ba ya cin komai, dannawa ɗaya ta shafe shi, har yaro ya saba da cinke. A saƙa kuwa, yarinyar da ta zana fure mai faɗin gurbi 5 za ta ga adon ya karye duk inda katin ya maimaita kansa, domin 5 ba ta raba 24 daidai. Dole ta koma 4, 6 ko 8, kuma ta san dalili. In ta bar launi ɗaya ya yi doguwar tafiya, ɗaya zaren zai yi lilo a bayan rigar yana kama yatsa. Sai ta warware, ta bi layi-layi har ta gano hujin da ya jawo ɓarnar. Abin da masu rubuta manhaja ke yini suna yi ke nan.

Za a ce injin yana da tsada, ga ɓata ulu, ga aji mai yara 40. Gaskiya ne, amma yawancin tunanin a takarda mai gidan dara ake yinsa, da fensir. Injin alƙali ne kawai, guda ɗaya ya isa aji. Wanda ya ƙware a kati yana iya wucewa zuwa AYAB, manhajar da ke haɗa tsofaffin injinan Brother masu lantarki da kwamfuta ta hanyar Arduino, inda ado zai iya mamaye allura 200 ba tare da maimaici ba.