Ruwan Gwandu Bai San Iyakar Jiha Ba

A 1991 aka cire Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, aka raba ma'aikata da motoci da ofisoshi. Ruwan da ke kwance ƙarƙashin ƙasa, wanda masana ke kira shimfiɗar Gwandu, bai rabu ba. Har cikin Jamhuriyar Nijar ya miƙa.

A ganina, nan ne hukumomin ruwa na jihohin biyu ke tafka asara. Kowace na haƙa rijiyoyin burtsatse don kanta, ta sayi injinta da man dizal ɗinta. Idan aka yawaita zuƙa a wuri guda, ruwan kan ja da baya, sai a ƙara zurfi, kuɗin turo shi ya ƙaru. Mai sayen jarka a hannun ɗan garuwa ne ke biya.

Me zai hana garuruwan kan iyaka su sha daga rijiya ɗaya mai ƙarfi, a sanya mita, kowace hukuma ta biya gwargwadon abin da ta ɗiba? Inda gizo ke saƙa shi ne bashi, domin hukumar da ba ta iya karɓar kuɗin ruwa daga jama'arta da wuya ta biya maƙwabciyarta. Gwamnonin biyu su fara amincewa a riƙa cire kuɗin daga kason jiha kowane wata.