Wasiƙa Zuwa ga Masu Tiyatar Ƙashin Baya

Daga Gwandu, zuwa ga 'yan'uwana likitocin tiyata da masu ɗaukar hoto da ma'aikatan jinya na Kalgo da Birnin Kebbi, har da 'ya'yanmu da ke koyon aikin laka a Sakkwato.

Tun da Allah ya hore wa Bajamushe Röntgen gano hasken eksire a 1895, likita ya sami idon da ke ratsa tsoka ya ga ƙashi, har ga shi yau, in an kawo wanda mota ta karya wa gadon baya, ko wanda tarin fuka ya rarake wa ƙashi, kuna iya kafa kusa dab da laka kuna duban allo. Illa dai wannan ni'ima tana da haraji, wanda majiyyaci yake biya ranar aikinsa kaɗai, ku kuwa kullum, domin hasken ba ya da zafi balle wari, kuma illarsa taruwa take yi shekara bisa shekara.

Ku sani, mafi yawan hasken da ke samunku daga jikin majiyyacin yake fantsamowa. Saboda haka bakin da hasken ke fitowa ya kasance ƙarƙashin gado, in kuma an karkata na'urar eksiren domin hoton gefe, wanda shi ne mafi nauyi a aikin baya, ku tsaya ta ɓangaren da ke karɓar hoto. Wanda ya ninka tazararsa, rubu'in hasken kaɗai ke isa gare shi. A tsuke hasken iyakar wurin aiki, a taka fedar haskawa a ɗage, a yi shawara kan hoton ƙarshe da ya tsaya a allo, hannu kuma ya kauce kafin a haska.

Na san nauyin rigar dalma a zafin Afrilu, na kuma san waswasin da ke cewa a cire ta, yau kaɗai ne. Amma jiki amana ne, kuma rigar da aka naɗe tsagewa take yi daga ciki, don haka a rataye ta. Abin da ya fi damuna shi ne ido, domin a 2011 hukumar duniya mai kula da kariya daga wannan haske ta sauko da haddin ƙwayar ido daga milisibat 150 zuwa 20 a shekara, bayan ta tabbata yanar ido kan fito da haske ƙasa da yadda aka zata. Ku nemi tabarau mai dalma da mayafin maƙogwaro, kowa kuma ya maƙala ma'aunin haskensa a ƙirji, a riƙa karanta shi, har da yaron da ke tura na'urar.

Wassalamu alaikum.